Kyarkecin Da Na Rataye

Ana gab da magariba na ɗauki tocila na fita rufe garke. Aikina ke nan kullum, shekara biyu ina yi, a wani kwari arewa da Jidda, kan hanyar Usfan. Tumaki sittin da 'yan kai, daga ni sai su.

Kwana uku kafin nan na kashe kyarkeci. Ya ci mana 'yan raguna uku cikin wata guda, kafilina kuwa, wato ubangidan da nake yi wa kiwo, ya rantse in aka ƙara rasa ko ɗaya ba zai sabunta mini iƙama ba, takardar izinin zamana a ƙasar, sai dai in tattara in koma Gusau. Ni kuma ɗan mafarauci ne, na san kan abin, kuma a lokacin ina ji da kaina. Na share rairayi da reshe don in ga sawu. Na shafe hannuwana da kashin tumaki kada ya ji warin mutum, na ɗana zarge na igiyar ƙarfe a mashigar kwarin. Sannan na ɗauki kukan ɗan rago a wayata, na riƙa kunnawa daga bayan dutse. Ina mura a lokacin, har tarina ya shiga cikin ɗaukar. A rana ta biyu ya faɗa. Na rataye shi a jikin shinge, kamar yadda na taɓa ganin wasu makiyaya sun yi.

Baba Abduljalil ne ke kawo mana ruwa a tanka, Bahaushe ne haifaffen unguwar Ruwais a Jidda. Da ya zo ya ga gawar a jikin shinge. Ya ce hukuma ta hana kashe su, amma ba wannan ne damuwarsa ba.

"Ya waladi," ya ce a hankali, "mutanen ƙasar nan suna cewa aljani ba ya zama inda dib yake, wato kyarkeci. Mai gadinka ka kashe. Khalas."

Dariya na yi masa. Har yau ina jin kunyar dariyar nan.

To, a wannan yammacin na tarar da tumakin sun cure a kusurwa ɗaya. Ba mai tuƙa, ba mai motsi, duk sun juya fuska wajen kwarin. Iska ta tsaya cak. Warin gawar da ke shinge ya cika wurin.

Sai na ji kukan ɗan rago, can daga mashigar kwarin.

Ɗaya ya fita ke nan, iƙamata kuma ta bi shi. Ban tsaya ƙirga ba, na nufi wajen da sauri. Tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin takalmina. Kukan yana gaba, ina binsa, yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan.

Na haska ƙasa. An share rairayin tas, ga layin reshe a kai. Babu sawun kowa sai nawa.

Kukan ya sake tashi. Sau uku, sai shiru. Sannan aka yi tari.

Tarina ne.

Na dafa aljihu. Wayar tana nan, a kashe.

Na ɗaga tocila a hankali. Taku ɗaya a gabana, tsakanin itatuwan ƙaya biyu, zargena ne yake lilo. Da hannuna na cire shi na ajiye a ɗaki tun ranar da kyarkecin ya faɗa. Yanzu an ɗaure shi daidai tsayin wuyana.

Wani wari ya taso daga bayan dutsen da nake laɓewa, kamar na gashin da aka babbaka. Na ji numfashi. A hankali, irin na mai jira.

"Matso mana," aka ce da raɗa. Da muryata.

Na juya na zuba da gudu. Tocila ta faɗi. A bayana ba na jin taku, kukan ɗan ragon kawai, yana matsowa. Bakina ya kasa haɗa addu'a.

Ɗaki ya yi nisa. Shinge ne kusa.

Na faɗa kan gawar na rungume ta, na cusa fuskata cikin gashinta. Tsutsa tana bin wuyana.

Kukan ya tsaya a bayana. Taku uku, ko huɗu.

Ya zagaya dama. Ya zagaya hagu.

Bai matso ba.

A haka fitilun tankar Baba suka same ni, don ranar ya makara. Da ƙyar ya ɓamɓare hannuwana. Bai tambaye ni komai ba, ya dai tura ni cikin mota yana cewa yalla, yalla, maza mu tafi.

Kwana biyar na yi ina zazzaɓi a gidansa. Da na miƙe na tafi unguwar Aziziyya wurin kafili, na roƙe shi da bakina ya yi mini takardar fita. Ya yi ta mamaki. Ya ce kwana biyar garken yana buɗe ba mai tsaro, amma ko ɗan rago ɗaya bai ɓata ba, zai sabunta mini iƙama yau ɗin nan in ina so.

Na ce masa na gode, ya bar ta ta mutu. Abin da ke kwarin yanzu ba tumaki yake nema ba.