Tsakuwar Kan Sitiyari

Dab da magariba Nu'uman ya ɗauko gwaggonsa Hadijatu daga asibiti a unguwar Aziziyya. Ita ta raine shi tun rasuwar uwarsa, ba shi da kamarta a duniya. Ganin cunkoso ya yi yawa, sai ya yanke ta Mina, inda bayan Hajji ba kowa sai fararen tantuna.

Motar ta kamfanin da yake wa tuƙi ce, sabuwa dal. Tana bin layi da kanta, tana taka birki in abu ya gitta. Amma ranar da aka ba shi makulli sai da aka ja masa kunne: taimako take yi, ba tuƙi ba. Ba ta zaɓar hanya, ba ta shan kwana. In ka saki sitiyari, sai ta hau kuka.

Shi kuwa Nu'uman, sarkin son jiki, ya samo dabara. Ya cika 'yar jaka da tsakuwa ya ɗaure a gefen sitiyarin, motar ta ji nauyi ta ɗauka hannu ne.

"Ya waladi, ɗana, riƙe abin nan mana," in ji Gwaggo daga baya.

"Khalas, bar shi, Gwaggo, sayyara ta san aikinta," in ji shi, yana nufin motar, yana ta latsa waya.

"Mene ne a jakar?"

"Tsakuwa ce. A gindin Jamra na ɗebo, lokacin da muka yi aikin shara."

Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wadda aka riga aka jefi Shaiɗan da ita? Kwance ta. Yanzun nan."

Bai kai ga miƙa hannu ba, sitiyarin ya juya.

Motar ta bar babban titi, ta shiga lungun tantuna. Ya san wannan ba aikinta ba ne. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ƙaurin gashin da ya ƙone ya cika motar. A cikin jakar, tsakuwa na gogar juna kamar mai cizon haƙora.

Ya cafki sitiyarin. Ƙarƙashin tafinsa akwai yatsu, dogaye, masu zafi.

Aka murɗe masa hannun dama. Ya ji ƙarar ƙashinsa kafin ya ji zafin.

Jakar ta fashe.

Tsakuwar ba ta zuba ƙasa ba. Ɗaya bayan ɗaya take tashi, yadda alhazai ke jifa. Ta farko ta fasa masa leɓe. Ta biyu ta cire haƙori. Ta uku ta wuce shi, sai ya ji Gwaggo ta ƙwalla ƙara, ayar da take karantawa ta yanke.

Wani abu ya yi raɗa a kunnensa: "Saura huɗu."

Gaba, katangar siminti na tahowa.

Nu'uman ya saki sitiyarin, ya haura baya ya rufe tsohuwar da jikinsa. Huɗun suka sauka a gadon bayansa. Da hannun hagu ya fizgi ƙofa, ya yi bismillah da baki cike da jini, suka gangara kan kwalta. Motar ta daki katangar, gabanta ya koma kujerar direba.

Gwaggo ta rayu, amma idonta na dama ya tafi. Kullum Nu'uman ke sa mata magani da hannun hagu, kuma ba ta taɓa yi masa gori ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Kamfanin ya turo masu bincike, suka karanta na'urar motar. Suka ce ba laifin motar ba ne, ba ta iya shan kwana da kanta. Tun daga babban titi har katangar, hannu na kan sitiyari, shi ya juya ta.

Nu'uman ya sa hannu a takardar rahotonsu bai yi musu ba. Hannu kam akwai.