Kumfa a Kwalbar Dogo

Da hantsi aka kira Sufeto ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Ya tarar da wata ɗaliba idonta jawur, Farfesa na tsaye a kanta.

"An sace min garina, ranka ya daɗe," ta ce. "Gobe zan kare bincikena."

Sufeto ya dubi kwalbar da ke hannunta, cike da jan gari. "Wannan fa?"

"Ba nawa ba ne. Da jan ƙarfe nake haɗa shi. Ƙwayoyinsa ido ba ya gani, amma a na'urar ƙara girman abu nawa siffar ɗan lido gare su, su ne ke kashe cuta a ruwa. Waɗannan duk tsini ne."

"Ko kuma can ma ba ki taɓa haɗa shi ba," in ji Farfesa. "In ƙarya ce, kora ce."

Sufeto ya leƙa na'urar, ya ga tsinin da idonsa.

"Me ke sa su yi tsini?"

"Abu kaɗan," Farfesa ya ce. "Ko ɗigon sabulu. Shi ya sa na hana shi shigowa nan."

Mai kula da ɗakin ya rantse makulli bai taɓa barin aljihunsa ba. Sufeto ya zuba masa ido kawai, har mutumin ya fara sosa ƙeya.

"To... na ara wa Dogo jiya. Ya ce ya mance wayarsa."

Dogo babban ɗalibi ne, ya riga yarinyar zuwa da daɗewa. Teburinsa fes, kwalabe sai ƙyalli.

"Haba Yallaɓai, ƙanwata ce fa," in ji Dogo. "Waya na ɗauka na fita."

"Kana da tsafta," Sufeto ya ce. "Da me kake wanke su?"

"Ruwa zalla, kamar kowa."

Sufeto ya ɗauki kwalba ɗaya daga teburin ɗalibar, ya zuba ruwa, ya girgiza. Ruwa ya kwanta. Ya ɗauki ta Dogo, ya girgiza. Kumfa ta taso har wuya.

Sufeto ya nuna akwatin ajiyar Dogo.

"Buɗe lokarka."

Bayan wani tsumma, ga robar sabulun wanke-wanke. Kusa da ita ga kwalbar jan gari, da rubutun ɗalibar a murfin.

Dogo ya sulale kan kujera. "Ban taɓa samun ɗan lido ko sau ɗaya ba. Ta zo jiya-jiya, nata ya fito. Na musanya da nawa, na ga launin ɗaya ne."

"Yaya Dogo," ɗalibar ta ce a hankali, "sau nawa na tambaye ka yadda kake wanki?"

"Ɗaurayar ruwa kawai ƙazanta ce a wurina," ya ce. Sai ya kalli kumfar. "Wai duk shekarun nan sabulu ne?"

Farfesa ya miƙa wa ɗalibar kwalbarta da hannu biyu, bai iya haɗa ido da ita ba.

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa wa Dogo ankwa. Har suka kai ƙofa Dogo na waiwayen teburinsa.