Tabawa Mai Barin Ragowa

Can wani zamani, a wani gari, an yi wata yarinya mai ladabi, sunanta Tabawa. Kakarta ta koya mata kada ta suɗe kwano. In tuwo ne, ta bar ragowa. In fura ce, ta bar ragowa.

Rannan sanyin haƙarƙari ya kama ta, numfashi da ƙyar. Likita ta ba ta magani a kwalba, ta ce ta shanye duka. Da Tabawa ta ji sauƙi, sai ta bar ragowa.

Ba a jima ba ciwo ya dawo. Ta sha ragowar, ko gezau.

Da aka mayar da ita, likita ta ce, "'Yata, wa kika bar wa ragowar?"

Tabawa ta sunkuyar da kai. "Na baya."

Likita ta yi dariya. "Ai kuwa na baya sun gode! Katangar ƙwayoyin cuta maganin nan yake rushewa. Masu taurin katanga sun tsira, sun hayayyafa, sun gadar wa 'ya'yansu taurin. Sai mun sake magani."

Kullum sai Tabawa ta yi bisimilla ta sha sabon, har ɗigon ƙarshe. Cikin ikon Allah ƙirjinta ya washe.

Kaka ta leƙa kwalba ta ga wayam, ta ce, "Ja'ira! Wannan rashin kunyar dai, Allah ya yi mata albarka."