Katantanwar Baba Jumare

Gab da magariba aka aiki Gambo ya kai wa Baba Jumare mazarƙwaila. Gambo ƙato ne da gemunsa, amma duk Gubuchi ba wanda ya kai shi murza katantanwa, ba kuma wanda ya kai shi faɗin haka. Shi kuwa Jumare tsohon soja ne, bai daɗe da dawowa daga yaƙin Bama, can ƙetaren teku, ba.

A zauren tsohon, Gambo ya ga tukunya rufe da faifai. Ya ɗaga. Ƙarnin kifi ya buge shi. Can ƙasan ruwa ga wata katantanwa mai tsini, zanenta kamar saƙar tabarma. Kai! Wannan in aka murza ta ai sai ta wuni tana juyi.

"Rufe, ɗan nan," in ji Jumare ƙasa-ƙasa. "Ta teku ce, mai ɗakin kuma tana ciki. Kifi take harbi ta haɗiye. Mutum ma ba ta ƙyale shi."

"Dodon koɗi, Baba? Abincin kaji?"

Jumare na juyawa don yin alwala, Gambo ya tsamo ta ya jefa aljihu.

Hanyar gida ta ratsa gonar rake. Ba iska, amma ganye ya fara shuuu. Ya tafi, ya dawo. Ya tafi, ya dawo. Kwaɗi suka yi tsit.

Aljihunsa ya jiƙe. Ruwa mai sanyi na bin cinyarsa.

Ya fito da katantanwar, ya kama ta da yatsu biyu, irin kamun 'yan murzawa.

Wani siririn abu ja ya leƙo. Ya shinshina babban yatsansa.

Cas!

Yatsa ya mutu. Hannu ya bi. Leɓe ya yi nauyi, salati ya maƙale.

"Murza mana," muryar mace ta raɗa masa a kunne. "Ba kai ne gwani ba?"

Ya zube ƙasa. Numfashi ya koma kamar ta cikin kara.

Da jan ciki ya koma zauren. Jumare na tsaye riƙe da tukunyar.

"Da hannunka ka ɗauko," ya raɗa. "Da hannunka za ka mayar, ko ta tafi da kai."

Gambo ya sake ta cikin tukunyar. Tsundum.

Iska ta shiga ƙirjinsa.

Yatsan nan bai ƙara motsi ba. Ko ruwan rijiya Gambo ya sha, gishiri yake ji. Bakin dai na nan: yana cika shi cewa duk ƙasar Zazzau shi kaɗai teku ta biyo har gonar rake. Amma in rana ta yi ja, ba ya faɗa.