Tubalin Cindo

Da aka yanke hatimin kwantenar a ƙofar shagon Alhaji Kalilu da ke Daura, aka buɗe, sai kowa ya leƙa ciki. Babu injin ban-ruwa ko ɗaya. Tubalin laka ne jibge a ciki, irin wanda ake mulmulawa da hannu.

Manoman ranin da Alhaji ke shugabanta suka tsaya baki buɗe. Su suka haɗa ƙarfi aka yi odar injinan daga Sin, suka yi ta jira wata da watanni, don rikici ya hana jiragen ruwa bi ta Bahar Maliya, sai sun zagayo Afirka. Rani guda ya wuce su, yau kuma ga laka. Kafin ka ce kwabo an fara kiran dattijon ɓarawo, mutumin da ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Sufeto Haulatu ta sa shi a mota zuwa caji ofis, yana ta rantsuwa cewa a teku aka cuce su.

Ita dai ba ta taɓa jin inda ake tubali a teku ba. Ta koma ta fasa guda, ta tarar cikinsa da ɗanshi. Ta dubi kusoshin ƙofar, fentinsu sabo ne. Wato ƙofar aka kwance ɗungurungum aka mayar, hatimi yana nan lafiya lau. A jikin kowane tubali kuma akwai shatin yatsu, da wani ɗan gurbi ƙarami a gefen ƙaramin yatsa.

Ta fara da ejan da ya fito da kayan a Legas. A waya ya shaida mata cewa kwastan sun buɗe kwantenar a tasha, injinan suna ciki, kuma a gaban Musaddiq aka yi, babban ɗan Alhaji, wanda aka tura ya rako kaya. Ta cire ejan daga zargi, don ba a tubali irin wannan a Legas.

Sai ta koma kan direban tirelar, Ɗantsoho. Ya ce bai tsaya ko'ina ba sai Dutsi, inda Musaddiq ya ce a ajiye motar a filinsa tunda shagon Baba bai kintsa ba. Shi kuwa ya samu sarari ya wuce Mashi sunan jikarsa. Ta bincika, rabin unguwa sun ci tuwon suna tare da shi.

A Dutsi ta samu filin an kewaye shi da katanga rabi, magini yana zaune yana jiran aiki. Ya ce tubalin da ya yi ta shanyawa maigida ya sa an kwashe, wai ya sayar. Ta tambayi sunansa. Ya ce Cindo, ya ɗaga hannun dama yana dariya, ga yatsa na shida yana reto.

Musaddiq ya zo ofis da kwanon abinci ya kawo wa mahaifinsa. Sufeto ta ajiye tubalin a gabansa.

"Ka san wannan?"

"Laka ai laka ce, ranki ya daɗe."

"Wannan da sa hannun mai ita. Maginin Sin ne yake da cindo, ko naka?"

Ya kau da kai daga tubalin. Ta warware masa zance a gaban uban: ya san kowa ya gaji da jira, ya san duk abin da ya ɓace jirgi za a ɗora wa. Ya sallami direba, ya kwance ƙofa, ya kwashe injinan, ya zuba tubali don kada a ji motar ta yi sauƙi. Abin da ya rage ya faɗi inda injinan suke. Kansa a sunkuye ya ce suna wani sito kusa da Kongolam, ana shirin tsallakar da su iyaka.

Abin ya girgiza kowa, har ita kanta da ta saba ganin irinsa. Ta ce wa Alhaji an wanke shi, manoma za su karɓi kayansu, ya tashi ya tafi gida. Dattijon bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon kwanon da ɗansa ya kawo masa.

"'Yata," ya ce, "da kin bar ni a ciki, da ya fi mini sauƙi."