Faifan da Yoandri Ya Bari

Da yamma lis Mima ta miƙo mini wani faifan ajiyar hotuna da bidiyo, a naɗe cikin tsohuwar riga. Mima muke ce wa mahaifiyarmu. Faifan na Yoandri ne, autanmu, wanda ya shiga kwalekwale bara da wasu samarin unguwa suka nufi arewa, ƙetaren teku, neman aiki. Har yau ba a ji ɗuriyarsu ba.

"Odalys, ki sa talabijin ya karanta wannan," in ji ta. "Duk gari ke kike zuba wa finafinai, amma uwarki ko fuskar ɗanta ba ta gani. Kin dai ji kunya."

"Mima, sai an sauya masa tsari tukuna."

"To ki sauya mana. Kada ya kira ya ce na manta kamanninsa."

Haka take magana kullum. Ita a wajenta yana can wani gari yana wankin kwanuka, rowa ce kawai ta hana shi kira. Ni na daɗe da cire rai, amma ban taɓa faɗa ba. Zuciyarta ba lafiya, kuma wannan zaton shi kaɗai ke tashinta daga gado da safe.

Aikin ba baƙona ba ne. Sana'ata ke nan a garinmu Caibarién da ke bakin teku, mutane su kawo faifansu in cika musu da finafinai da waƙoƙin mako. Faifan Yoandri tsarin kwamfuta gare shi, talabijin ɗin Mima kuwa tsoho ne, tsohon tsari kaɗai ya sani. Sauyawar kamar gyaran gida ce. Ka kwashe kaya ka kai maƙwabta, ka rushe ɗakunan, ka sake gini, sannan ka mayar da kayan. Sai dai ƙofar tsohon tsarin ƙarama ce, fayil ɗin da ya cika girma ba ya shiga. Ba wuyar aikin ce ta sa na yi ta gudunsa ba. Fuskarsa ce ba na so in gani.

Shagona yana kusa da bakin ruwa. Na isa rana tana faɗuwa, ƙanshin soyayyen kifi ya cika layin, rediyon wani yana ta surutun ƙwallo. Na jona faifan, na fara kwashe kayan zuwa nawa. Ga Yoandri ranar bikina, ga shi yana tiƙar rawa da tsintsiya a kicin. Na kau da kai, na bar na'ura ta yi aikinta.

Komai ya fita, sai fayil ɗaya. Ba shi da suna. Girmansa ya fi na sauran duka a haɗe, kuma ina kallo lambar girman ta ƙaru. Na duba ranar da aka yi shi, sai na ga daren tafiyarsu. Alhali a wannan daren faifan yana ƙarƙashin katifar Mima, ni na gan shi da idona.

Nan aka ɗauke wuta. Rediyon ya mutu, fanka ta tsaya. Kwamfutata ta koma kan batir, haskenta kaɗai ya rage a shagon. Na riga na buɗe wurin gogewa, saura in danna. Amma ɗan Adam da son gani, sai na buɗe fayil ɗin.

Baƙi ƙirin, babu hoto. Sai ƙarar ruwa yana marin katako, da numfashin mutane da yawa. Wani yana kwalfar ruwa da gwangwani, ƙwar, ƙwar, ƙwar.

Warin teku da na man inji suka cika mini hanci.

Ƙafata ta yi sanyi. Na duba ƙasa. Ruwa ne, har idon sawu, kuma ƙofar a rufe take.

Kujerar da ke bayana ta yi ƙara, kamar wani ya zauna.

"Yaya."

Ba daga kwamfuta muryar ta fito ba. Daga bayan kunnena ta fito.

"Yoandri? Kana ina?"

"Kin sani," ya ce a hankali. "Kada ki juyo."

Na fashe da kuka. Ba tsoro ne ya fara zuwa mini ba, baƙin ciki ne. Na yi shekara ina cewa na cire rai, ashe ƙarya nake yi wa kaina.

"Yaya sarkin surutu, yau dai ki yi shiru. Suna jin ki."

Sun riga sun ji. Gwangwanin ya tsaya. Muryoyi suka taso daga cikin duhun shagon, can ƙasa-ƙasa, kowa yana rige-rige.

"Ki gaya wa Migdalia."

"Ki gaya wa Nereida ban ji zafi ba."

Na san sunayen. Iyaye mata ne na samarin da suka tafi da shi, duk mako suna zuwa shagona.

Ruwan ya kai gwiwa. Wani abu ya riƙe gefen siket ɗina. Wani ya kama ƙafata, yatsunsa sun yi laushi kamar burodin da ya jiƙa.

"Goge shi," in ji Yoandri. "Muddin yana nan, ƙofar a buɗe take. Ba mugaye ba ne, gida suke so. Amma ba za su sake ki ba."

"Muryarka ce ta ƙarshe."

"Wannan ba zai shiga gidan Mima ba. Ki kai mata wanda nake rawa."

Ruwan ya kai ƙirji. Teburin ya fara lilo. Na danna, sai kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata, domin komai zai tafi.

Ban tabbata ba. Hannuna ya ƙi.

Sai yatsa mai sanyi ya hau kan nawa.

Muka danna tare.

Wani abu ya fizge ni ƙasa. Na sha ruwan gishiri, na laluba, na samu sakata, na faɗo waje a kan gwiwoyina. Titi busasshe ƙayau. Maƙwabcina Evelio yana buga wasan domino da abokansa a hasken kyandir, ya ɗago ya dube ni.

"Odalys, yau da kaya kika yi wanka?"

Na tashi na nufi gida, ruwa yana ɗiga daga jikina.

Da safe na tarar da shagon a bushe, sai farin gishiri a bango daidai ƙirjina. Faifan wayam, tsarin da talabijin ya sani ya zauna. Na mayar da kayan, ko ɗaya bai ƙi shiga ba.

Tun daga nan ba na aiki bayan faɗuwar rana. Idan Migdalia ko Nereida suka zo, ina cika musu faifai kaina a sunkuye, saƙon 'ya'yansu yana ci mini rai. Mu nan kowane mamaci ana ajiye masa kofin ruwa a gida. Na Yoandri a shago na ajiye shi, bayan kwamfuta, inda Mima ba za ta gani ba.

Ranar da na jona mata faifan, ta ja kujera har gaban talabijin. Ga shi nan yana juyi da tsintsiya, yana waƙa da muryarsa mara daɗi. Ta yi dariya har da hawaye, rabon da in ji dariyarta tun bara. Ta shafa gilashin da tafin hannu, sannan ta juyo gare ni.

"In ya kira ki kafin ni, ki ce masa na yi fushi. Amma kada ki tsananta, kin san shi da saurin kuka."

Na ce to, Mima, zan gaya masa.