Minjirya a Cikin Akwati

Da idona na gani ta ramin zana: Sa'idu ya kai hannu ya doke hannun Babana.

Ji kake fas!

Ni kuwa na ce shi ke nan, aurena ya bi ruwa...

Sa'idu tsohon soja ne. A yaƙin Bama ya koyi gyaran rediyo, ya dawo Haɗeja da jita da akwatin ƙara mata sauti mai aiki da batirin mota. Ina son sa, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma mahaifina Baba Ari, masunci ɗan masunci, ya ce ba zai ba makaɗi 'yarsa ba, ga Bakari ɗan yayarsa mai kwalekwale. Bakarin da ko gaisuwa sai ya haɗa da gori.

Da damina Bakari ya ɗauko Sa'idu daga wani biki a ƙetaren kogi, sai akwatin ya zame cikin ruwa. Wai zamewa, a hannun mutumin da ko ƙwarya bai taɓa yarwa ba. Baba ne ya tsamo shi da ƙugiya ya kawo gida, ya ce ƙin mutum daban, barin kayansa a ruwa daban. Inna kuma, don tausayi, ta ɗora shi kan ragar banda tare da tarwaɗa don ya bushe. Ya bushe kam, sai dai ya fito baƙi ƙirin yana ƙamshin kifi.

Baba ya ce tunda hayaƙin gidansa ne ya ƙarasa abin, a zaurensa za a gyara.

Da hantsi Sa'idu ya zo. Na kai masa ruwa, ya karɓa yana kallon ƙasa.

"Safara'una, kin rame."

"Kai ka jawo."

"Yi haƙuri, sanyin idona..."

Baba ya yi gyaran murya, na ruga bayan zana.

Sa'idu ya kwance bayan akwatin, ya zare ƙananan kwalaben da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ya goge ƙafafunsu da tsumma, ya share kunkunniyar da gashin kaza. Ya sami waya da ta tsinke, ya ɗora ƙarfe a garwashi ya liƙe ta da dalma. Bai yi gaggawa ba. Baba na gefe yana ɗinkin koma, yana yi kamar ba ya kallo. Bakari ma ya zo ya zauna, ba wanda ya kira shi.

Da aka haɗa batir kwalaben suka yi ja, amma babu sauti sai gurnani. Sa'idu ya cire batirin, ya juya yana laluben wani abu a jakarsa.

Nan Bakari ya sami ƙofa. Ya ce wa Baba ga dunƙulen toka can ciki mai gyaran bai gani ba, wai shi gwani. Baba ya ajiye koma, ya zura hannu zai ciro.

A nan ne aka yi dukan.

"Ka gani, Kawu?" in ji Bakari, har ya miƙe. "A zaurenka! Wannan za ka ba 'ya?"

Baba ya tsura wa bayan hannunsa ido. Sa'idu ya durƙusa.

"Baba, duk hukuncin da ka yanke na ɗauka. Amma ka duba tukuna."

Ya ɗauki sukundireba mai ƙotar itace, ya taɓa ƙafafun wani ɗan gwangwani, daidai inda yatsun Baba suka nufa. Wuta ta yi tartsatsi, tas! Bakin ƙarfen ya ƙone.

"Ba ka cire batirin ba?" in ji Baba.

"Na cire. Yana riƙe wuta ko an cire. Na ga ta kayar da ƙato a Bama, bai tashi ba."

Baba ya daɗe yana kallon gwangwanin.

"Minjirya," ya ce a hankali.

Kifin nan ne mai jan mutum ko an fito da shi tudu. Ta taɓa jan Baba yana saurayi, hannunsa ya wuni a mace, kuma ba ya gajiya da ba mu labarin.

"Ka san abin da ka yi zai iya raba ka da Safara'u?" in ji Baba.

"Na sani."

"To?"

"Gara in rasa ta da ta rasa uba."

Na toshe bakina da gefen zane, hawaye na zuba. Ban taɓa son sa kamar lokacin ba.

Baba ya juya ya ce wa Bakari ya je ya duba kwalekwalensa, ya ji an ce kaya na yawan zamewa a ciki. Bakari ya fita ko takalmi bai sa daidai ba.

Gurnanin ashe daga wata kwalba ne da ba ta zauna ba. Sa'idu ya danna ta, ya mayar da batir, ya taɓa tsirkiyar jita. Sauti ya cika zauren, tare da ƙamshin banda.

Baba ya ɗauki komarsa.

"Ka turo magabatanka," ya ce. "Amma ka gaya musu su zo hannunsu a aljihu."

Sannan ya ɗaga murya, bai ko waiwayo ba.

"Safara'u, tashi daga bayan zanan nan, kin kusa kayar mini da shi."